Leƙa Jijiyoyin Jinin Huhu da Haske: Wace Na'ura ce ta Dace da Mu a Zariya?

Duk wanda ya taɓa zama a layin masu jiran likitan ƙirji a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya san irin mara lafiyar da wannan rubutu ya shafa. Yawanci dattijo ne da ya haura shekara hamsin, ya daɗe yana tari, ya sha maganin tarin fuka na wata shida har ya kammala, amma tarin bai tsaya ba, kuma a 'yan makonnin nan kakinsa ya fara zuwa da jini. An ɗauki hoton ƙirji, an ga wata inuwa da ba ta bayyana komai ƙarara ba. A wannan gaɓa ce likita kan ce sai an leƙa cikin huhun, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko ta baki, ya bi maƙogwaro ya gangara cikin rassan hanyoyin iska. Asibitin da ke shirin sayen irin wannan na'ura, da iyalin da aka ba su shawarar su kai mara lafiyarsu Abuja ko Masar ko Indiya, duk tambaya ɗaya ce ke gabansu: da wane irin haske ya kamata a yi leƙen? A yau akwai hanyoyi aƙalla huɗu, kuma tsadarsu da amfaninsu sun sha bamban.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a fahimci abin da ya sa jijiyoyin jini suka zama abin dubawa. Huhu yana samun jini ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce babbar hanyar da ke kawo jini daga ɓangaren dama na zuciya domin ya ɗauki iskar oksijin ya koma. Ta biyu kuwa wasu ƙananan jijiyoyi ne da suka reso daga babbar jijiyar da ke fita daga hagun zuciya, kuma aikinsu shi ne ciyar da bangon hanyoyin iskar kansu. Jinin da ke bi ta cikinsu kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da zuciya ke turowa, amma yana gudu da ƙarfi irin na sauran jiki, shi ya sa mafi yawan zubar jini mai hatsari da ke zuwa tare da tari daga gare su take. A bangon hanyar iska mai lafiya, waɗannan jijiyoyi suna shimfiɗe ne cikin tsari, kamar jijiyoyin da ake gani a bayan ganyen mangwaro. A shekarar 1971 wani likitan fiɗa a birnin Boston na Amurka, Judah Folkman, ya kafa hujjar cewa ƙari, wato ƙullutun ciwon daji, ba ya iya wuce girman milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin da za su ciyar da shi. Sababbin jijiyoyin nan ba su da tsari: wasu a murɗe, wasu a kumbure, wasu su yanke a tsakiyar tafiya. Saboda haka wanda ya iya ganin siffar jijiyoyin yana iya hango cutar tun kafin ta zama ƙullutun da ido zai gani.

Hanya mafi tsufa ita ce ta farin haske. Gustav Killian ne ya fara ta a garin Freiburg na Jamus a 1897, lokacin da ya zura bututun ƙarfe ya ciro ƙashin da ya maƙale wa wani mutum a hanyar iska, sannan a 1966 Shigeto Ikeda na Japan ya fito da bututu mai lanƙwasa wanda ya sa aikin ya yiwu ba tare da an sa mutum dogon barci ba. Na'urorin yanzu suna da ƙaramar kyamara a bakin bututun, hoton yana fitowa tangaran a allo. Farin haske yana nuna ƙarin da ya riga ya tsiro cikin hanyar iska, da wurin da ya toshe, da tabon da tarin fuka ya bari ya ƙuntata hanya, da inda jini ke ɓulɓulowa. Ga mafi yawan marasa lafiyar da ke zuwa asibitocinmu, waɗanda ba sa isowa sai cuta ta yi nisa, wannan kaɗai ya isa a ga wurin a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin awo. Rauninsa yana wajen cutar da ke matakin farko, wadda ba ta wuce wani ɗan fili mai faɗin 'yan milimitoci ba, a kwance take ba ta taso ba, launinta kuma ja-ja ne a kan fatar da ita ma ja-ja ce. Ƙwararren likita ma yana iya wuce ta bai lura ba.

Don magance wannan rauni ne aka fito da hanya ta biyu, wadda ta dogara ga ƙyallin da nama ke yi da kansa. Idan aka haska lafiyayyar fatar hanyar iska da shuɗin haske, wasu sinadarai da ke ƙarƙashinta, musamman zaruruwan da ke ba nama ƙarfi da taushi, suna mayar da haske kore. Inda fatar ta yi kauri, ko jini ya taru ya yi yawa, wannan koren yana dusashewa, sai wurin ya fito ja mai duhu ko ruwan ƙasa, gwargwadon irin na'urar. Stephen Lam da abokan aikinsa a birnin Vancouver na Kanada ne suka shahara da wannan hanya, kuma binciken da suka wallafa a 1998 ya nuna cewa haɗa ta da farin haske ya ninka yawan cututtukan matakin farko da ake ganowa fiye da sau shida. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma babu wanda ke musun cewa hanyar tana da kaifin ido.

Sai dai kaifin idon nata irin na ɗan sintirin da ke kama duk wanda ya gani a titi bayan sha biyun dare ne, ɓarawo da mai zuwa kiran ungozoma duk ɗaya. Na'urar ba ta kallon siffar jijiyoyi, abin da take gani kawai shi ne koren haske ya ragu, kuma abubuwa da yawa suna rage shi: kumburin da ciwon sanyin ƙirji ya haddasa, tabon tsohon ciwo, ɗigon jinin da bututun kansa ya jawo ta hanyar gogar bango, har da wurin da aka taɓa ɗebar nama a baya. A Kanada ko Jamus, inda tarin fuka ya yi ƙaranci, wannan matsala ce da ake iya jurewa. A nan kuwa lamarin dabam ne. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da shi a kowace shekara. Ba a banza aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan yaƙi da tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, nan bayan garin Zariya, ba. Idan aka ƙara da ƙurar hunturu, da hayaƙin icen girki da mata ke shaƙa shekara da shekaru, za a ga cewa huhun da bai taɓa kumbura ba abu ne mai wuyar samu a cikin waɗanda ake kawowa leƙe. A irin wannan huhu na'urar ƙyalli za ta nuna wurare da dama da duhu, kowanne kuma sai an ɗebi nama daga gare shi, wanda ke nufin ƙarin lokaci, ƙarin zubar jini, ƙarin kuɗin awo, da makonnin fargaba ga iyali kan abin da a ƙarshe zai zama tabo ne kawai.

Hanya ta uku ita ce ta taƙaitaccen haske, wadda kamfanin Olympus na Japan ya fito da ita da sunan NBI, kuma ita ce ta fi shafar jijiyoyin jini kai tsaye. Maimakon a saki dukkan launukan da ke cikin farin haske, sai a tace su a bar biyu kacal: shuɗi mai zangon nanomita 415 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske, wanda ke bambanta launi da launi), da kore mai zangon nanomita 540. An zaɓi waɗannan biyun ne domin su ne sinadarin hemogulobin, wanda ke ba jini launin ja, ya fi zuƙewa. Shuɗin ba ya nutsewa da nisa, don haka yana fito da ƙananan jijiyoyin da ke saman fata da launin ƙasa-ƙasa. Koren yana ɗan ƙara shiga ciki, yana nuna jijiyoyin da ke ƙarƙashi da launin shuɗi-kore. Sakamakon shi ne jijiyoyin su fito kamar rubutun tawada a kan farin allo. Ba a yi wa mara lafiya allurar wani rini, ba a kuma canza bututu. Maɓalli ɗaya likita ke dannawa ya koma daga farin haske zuwa wannan, ya sake dannawa ya dawo.

Amfanin hanyar yana cikin karanta siffar da aka gani. A 2003 Kiyoshi Shibuya da abokan aikinsa a jami'ar Chiba ta Japan suka nuna cewa, idan aka haɗa wannan haske da kyamara mai ƙara girman hoto, ana iya ganin ƙananan madaukan jijiyoyi a hanyoyin iskar masu yawan shan sigari, a wuraren da ƙwayoyin fatar suka fara lalacewa amma ba su kai ga zama daji ba. Daga wannan aiki da waɗanda suka biyo baya ne aka samo alamomin da likitoci ke nema a yau: jijiyoyin da suka fito kamar ɗige-ɗige, waɗanda suka murɗe kamar igiya, masu siffar kusar da ake juyawa, da waɗanda suka yanke kwatsam. Kumburi na yau da kullum yakan ƙara yawan jijiyoyi ya faɗaɗa su, amma galibi yakan bar musu tsarinsu. Daji ne ke wargaza tsarin. Wannan bambanci ne ya sa a 2009 Felix Herth da abokan aikinsa a Heidelberg ta Jamus, da suka gwada hanyoyin biyu a kan marasa lafiya guda, suka tarar NBI ta fi na'urar ƙyalli iya rarrabe mugun wuri da marar illa, ba tare da ta yi asarar kaifin gano cuta sosai ba. A ganina wannan ita ce hujja mafi nauyi a duk kwatancen, domin matsalarmu a nan ba ƙarancin wuraren da ke da alamar tambaya ba ce, yawansu ne.

Ita ma tana da nata cikas. Hotonta ya fi na farin haske duhu, don haka sai an kusanto da bakin bututun daf da bango. Jini ko da kaɗan ne yakan rufe komai da baƙi, domin shi ne abin da hasken ke nema, kuma majina mai kauri ma tana ɓata gani. Mara lafiyar da ke zubar da jini a lokacin aikin ba zai ci moriyarta ba. Sannan karanta siffar jijiyoyi fasaha ce da ake koya da yawan gani, likitoci biyu suna iya kallon hoto ɗaya su saɓa. Kamfanonin Pentax da Fujifilm suna da nasu dabarun masu kama da wannan, wasu da tace haske, wasu da gyara hoton ta kwamfuta, amma binciken da aka tara a kan huhu ya fi yawa a kan NBI.

Hanya ta huɗu ta haɗa na'urori biyu da ke leƙa cikin bangon kansa. Ta farko ana kiranta OCT, wadda aka fara bayyana ta a 1991 daga ɗakin binciken James Fujimoto a cibiyar fasaha ta Massachusetts da ke Amurka. Tana aiki ne kamar hoton da ake yi wa masu juna biyu, sai dai da haske maimakon sauti: ana zura siririyar waya ta cikin bututun, ta haska bango da hasken da ido ba ya gani, ta auna abin da ya dawo, ta zana hawa-hawan bangon kamar an yanka albasa an ga zobbanta. Zurfin da take kaiwa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, amma hakan ya isa a san ko cutar na saman fata ne ko ta huda ƙasa, kuma wani nau'inta yana nuna gudun jini a cikin ƙananan jijiyoyi. Ta biyu ita ce madubin ƙara girma mai aiki da hasken leza, irin na Cellvizio da wani kamfani a Faransa ke yi, wanda ke nuna zaruruwan nama har cikin ƙananan jakunkunan iska. Dukkansu abin sha'awa ne, kuma OCT ta riga ta zama kayan aikin yau da kullum a asibitocin ido. A huhu kuwa har yanzu sun fi zama kayan bincike, ba sa nemo wurin cuta da kansu sai an kai su kansa, kuma wayoyinsu masu tsada ne da ba sa daɗewa. Jami'ar da ta samu tallafin bincike tana iya neman su. Asibitin da ke lissafin kuɗin man janareta bai kamata ya sa su cikin jerin farko ba.

Akwai iyaka ɗaya da ta hau kan hanyoyi uku na farko gaba ɗaya, kuma masu tallar na'urori ba su cika ambatonta ba. Hanyoyin iska suna rarrabuwa kamar rassan itace har kusan sau ashirin da uku, bututun leƙe na yau da kullum kuwa, mai kaurin milimita biyar zuwa shida, ba ya wuce rassa huɗu ko biyar na farko. Irin dajin da ke tsirowa a waɗannan manyan rassa shi ne wanda ya fi alaƙa da shan sigari, kuma Zariya gari ne da ya daɗe da sanin taba, daga gonakinta har masana'antarta, don haka masu wannan hatsari suna nan tare da mu. Amma nau'in dajin huhu da ya fi yawa a duniya yanzu, wanda kuma shi ne ya fi kama mata da waɗanda ba su taɓa shan sigari ba, yakan fara ne can gefen huhu inda babu hasken da zai kai. Wannan sai hoton siti sikan, wato hoton kwamfuta da ke nuna cikin ƙirji yanka-yanka. Babban gwajin da aka yi a Amurka kan mutum sama da 53,000, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa duba masu yawan shan sigari da siti mai ƙarancin tururin radiyeshan ya rage mutuwa daga dajin huhu da kashi 20 cikin ɗari idan aka gwada da hoton ƙirji na yau da kullum, kuma gwajin Holan da Beljiyam da ya fito a 2020 ya samu kashi 24 a tsakanin maza. Babu wata na'urar leƙe da haske da ke da irin wannan shaida ta ceton rai. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙananan lalacewar fata da na'urorin hasken ke ganowa suna warkewa da kansu, musamman idan mutum ya daina shan taba.

Kallon jijiyoyi yana da wani amfani da ya wuce neman daji, wanda a wurinmu yana iya fin na farko muhimmanci, wato sanin inda bai kamata a taɓa ba. Wasu ƙari na hanyar iska cike suke da jini, akwai kuma yanayin da wata jijiya ke tasowa ƙarƙashin fata kamar ƙaramin ƙullutu, wanda idan aka cije shi da hantsakin ɗebar nama jinin da zai ɓalle yana iya kashe mutum a kan gadon. Dajin Kaposi, da ke addabar masu cutar ƙanjamau, yana fitowa a hanyar iska da tabo ja mai ruwan shanshanbale, kuma sau da yawa ganinsa kawai ya wadatar. A ciwon asma ma an nuna cewa jijiyoyin bangon suna ƙaruwa, amma wannan ilimi ne na masu bincike, babu mai asma da ke bukatar a zura masa bututu don a tabbatar da ciwonsa.

Idan aka ɗora duk wannan a ma'auni, zaɓin da nake gani ga asibiti a Zariya shi ne bututun bidiyo mai ingancin hoto na farin haske wanda ke ɗauke da taƙaitaccen haske a jikinsa, tunda a yawancin na'urorin zamani yana zuwa ne a haɗe, kuma akwatin sarrafa hoton yakan yi aiki da bututun leƙa ciki da na hanji, abin da zai ba sassa biyu ko uku damar raba ɗawainiyarsa. Kuɗin da za a kashe kan na'urar ƙyalli gara a karkatar da shi wajen abubuwan da ba su da ƙyalli amma babu aiki sai da su. Na farko shi ne wankin bututun, domin bututun da ba a tsaftace shi da kyau ba yana ɗaukar ƙwayar tarin fuka daga wani ya kai wa wani, kuma aikin kansa yana watsa ƙwayar a iskar ɗaki, don haka ɗakin yana bukatar hanyar fitar da iska, ma'aikata kuma takunkumi na musamman. Na biyu shi ne ɗakin awon nama da ƙwararren da zai duba shi a madubi, saboda duk kyawun hoton jijiya, zato kawai yake bayarwa. Hukuncin cewa daji ne ko ba daji ba daga naman da aka ɗebo yake fitowa. Idan kuɗi ya rage bayan wannan, abin da ya fi cancanta a ƙara ba wani sabon haske ba ne, bututu ne mai ɗauke da na'urar sauti a bakinsa, wanda ke hango kaluluwar da ke bayan bangon hanyar iska, ya nuna manyan jijiyoyi don a kauce musu, a soka allura a ɗebo abin awo. Kaluluwar ƙirji ita ce wurin da tarin fuka da daji suka fi rikita likita.

Ga iyalin mara lafiya kuwa, abin lura shi ne tsarin da gwaje-gwajen za su bi. A fara da gwajin kaki na GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2010, wanda ke gano ƙwayar tarin fuka ya kuma nuna ko ta bijire wa maganin rifamfisin, kuma ana yin sa kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Mutumin da ya gama magani bai warke ba yana iya zama mai ɗauke da tarin fuka mai jure magani, ko kuma wani naman gwari ya zauna a ramin da tsohon ciwon ya bari, kuma duka biyun suna kawo tari da jini. Bayan nan a yi siti sikan, domin shi zai nuna ko abin yana inda bututu zai kai. Sai an wuce waɗannan matakai ne tambayar irin hasken za ta taso, kuma idan hoton ya nuna ƙari babba a tsakiya, farin haske ya wadatar, babu dalilin sayar da gona a tafi wata ƙasa neman na'ura ta musamman. Wanda ya fi amfana da taƙaitaccen haske shi ne wanda ya daɗe yana shan sigari, aka ga ƙwayoyi masu alamar tambaya a kakinsa amma hoto bai nuna komai ba, ko wanda za a yi wa fiɗa ana son sanin iyakar da cutar ta kai, ko wanda aka taɓa yi wa maganin dajin maƙogwaro ko na huhu ana bibiyarsa.

Kafin ranar aikin za a bukaci mara lafiya ya bar abinci na wasu awoyi, kuma wajibi ne a gaya wa likita idan yana shan maganin tsinka jini ko yana da ciwon zuciya. Idan kuma an yi aikin a wani gari ko wata ƙasa, a roƙi a ba da hotunan da aka ɗauka da rahoton awon naman, tare da gilasan da aka shafa naman a kai ko dunƙulen kakin kyandir da aka adana shi a ciki, domin likitan da zai ci gaba da kula da mara lafiyar a gida yana iya bukatar a sake dubawa, kuma da waɗannan a hannu ba sai an sake zura masa bututu ba.